Guguwa da Babur Marar Murya

In ana lissafa mutanen da duniya ta zalunta, to a sa mai gyaran agogon nan da gidansa ke ƙarshen layi a sahun gaba. Shi da bakinsa ya raɗa wa kansa suna Guguwa, sunan kuma ya bi shi, sai dai ba mai iya faɗarsa bai danne dariya ba, abin da shi yake ɗauka rawar murya ce ta girmamawa. Shekarunsa hamsin da 'yan kai, tumbi daidai misali, gashin baki kuwa sau uku yake taje shi kafin ya buɗe shago. Rabonsa da riƙe kan babur shekara ashirin da huɗu ke nan, amma gari bai taɓa wayewa bai tuƙa shi da baki ba.

In ka tambaye shi me ya sa ya ajiye tuƙi, zai ce tausayi ne, titunan sun yi masa kaɗan, masu mota kuma suna karaya in ya wuce su. In ka tambayi matarsa, za ta ce ranar da ya ajiye ita ce ranar da ya afka ramin ginin wani bene da aka cika da kwaɓaɓɓen siminti. Leburori suka zaro shi da igiya, babur ɗin kuwa yana can ƙasa har gobe, yana ɗauke da hawa huɗu.

Zaluncin ya soma ne da aka canja wa motar haya hanya, ta daina bi ta bakin layinsu. Autarsa tana aikin nas, tana da ɗan babur irin marar giya, asibitinta kuma yana gaba da shagonsa kaɗan. Sai aka wayi gari kullum ƙarfe bakwai da rabi Guguwa yana zaune a bayan 'yar cikinsa, jakar kayan aiki a cinya, gwiwoyi a waje kamar kwaɗo. Kuma don ƙarin wulaƙanci, shagon Tela da na Mai Aski suna kallon get ɗin gidansa, su biyun kuma ba sa makara.

"Nas, a bi a hankali da kayan nan," in ji Tela. "Mai fashewa ne."

"Tuƙinta nake dubawa," Guguwa zai ce, yana kallon sama. "Daga baya ake gane kuskuren direba."

"Wata goma sha ɗaya kana dubawa," in ji Mai Aski. "Har yanzu ba ta ci jarrabawar ba?"

Duk wannan ya daure. Abin da ya kasa haɗiyewa ya faru ne a wurin fitilar ba da hannu, ranar wata Laraba. Wata dattijuwa ta leƙo ta tagar mota, ta dubi farar rigar Auta, ta dubi Guguwa, ta girgiza kai cike da tausayi. "Allah ya yi miki albarka, 'yata. Kullum ina ganinki kina kai shi asibiti. Sannu, Baba. Allah ya sa kaffara ne."

Da yamma ya buga tebur har cokula suka yi tsalle. "Asabar zan hau babur nawa na kaina! Mutumin da ya taɓa shan kwana gwiwarsa tana goge kwalta, shi ake yi wa sannu a titi?"

"Na gani," in ji matarsa, ba ta ɗago daga ninkin kayan wanki ba. "Ni na ɗinke wandon."

Auta ta ajiye kofinta. "Baba, ni zan saya maka. Ka zaɓi wanda ranka yake so. Amma da sharaɗi. Daga shagon babura har cikin get ɗin gidan nan, kai za ka shigo da shi, kana kai, ba turawa, ba wanda ya taɓa ka. In ka yi, babur naka ne. In ba ka yi ba, bayana ne wurinka, kuma an rufe maganar babur a gidan nan. Mama ce alƙali."

"Alƙalin da ya riga ya yanke hukunci tun shekara ashirin da huɗu!"

"Ka yarda ko ba ka yarda ba?"

"Yarinya, ni da idona a rufe ma zan shigo."

Kafin Asabar babu gidan da bai shiga ba a layin. Ya ce a fito da kujeru da la'asar, a kawar da yara daga titi, mai ciwon zuciya ya zauna a ɗaki. "Ba sai an ce muku na taho ba," ya gaya wa Tela. "Tun daga shataletale za ku ji ni. Ka ɗaure gilashin tagarka." Ya tono tsohuwar rigarsa ta fata daga ƙasan akwati. Zip ɗin ya hau har cibiya ya ce nan ne iyakarsa. Guguwa ya ce ai haka ake sa ta yanzu.

Ranar Asabar Auta ta ɗauko shi, ya sa ta sauke shi a kwanar da ke kafin shagon babura, ya ƙarasa da ƙafa yana taku ɗai-ɗai. Shago ne babba mai ƙofar gilashi, babura a jere suna ƙyalli, ƙasa kamar a lasa. Mai shagon, wani siririn mutum mai sanyin murya, ya taso.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Wane ne babanka? Shekara nawa na ba ka?"

"Yi haƙuri, Yallaɓai. Yaushe rabonka da hawa?"

"Kwanan nan."

"Shekara ashirin da huɗu," in ji Auta daga baya, tana kifa masa hular kwano tana ɗaure igiyar a haɓarsa.

Mai shagon ya gyaɗa kai kamar likita. "To, ga shawarata. Wanda ya daɗe bai hau ba, ya fara da ƙarami marar nauyi, wanda in ya zauna tafin ƙafarsa duka biyu za su taka ƙasa. Ya ɗan yi kwana biyu yana zagaya fili, hannu ya tuna. Babura sun canja, Yallaɓai."

"Babura sun canja, Guguwa bai canja ba. Wancan baƙin nake so."

Wancan baƙin kuwa tsayinsa ya kai ƙirjin mutum. Guguwa ya ɗaga ƙafa sau biyu ba ta kai ba, a na uku ya ja da baya ya taho da gudu ya haye. Da ya zauna sai ya ga ƙasa ta yi nisa. Ya miƙa yatsun ƙafar dama, iska. Ya miƙa na hagu, iska. Duk da haka ya shuri jak ɗin da ke tokare da babur da dunduniya, don a san ba baƙo ba ne. Babur ya tsaya cak na daƙiƙa ɗaya kamar mai tunani, sannan ya fara kishingiɗa wajen jerin 'yan'uwansa goma sha biyu. Mai shago ya tare da kafaɗa, Auta ta riƙe ta baya, wani mai sayen taya ya yar da tayar ya rungumo Guguwa ta ƙugu ya sauke shi kamar buhu.

"Ƙasan shagonka ba daidai take ba," in ji Guguwa yana gyara riga. "Ka nemi magini."

Na biyu ja ne, mai tsinin hanci, irin wanda sai an kwanta a kansa. Ya kwanta. Tumbi ya sami tanki suka gaisa, hannuwa da ƙyar suka kai. Ya lalubi wurin kik da ƙafar dama, ya ji wani ƙarfe, ya hau duka. Ɗaya, biyar, goma sha biyar. Gumi ya tsattsafo daga cikin hular kwano.

"Fulogi ya jiƙe," ya ce yana haki. "Kawo mini sifana."

"Yallaɓai, wurin ɗora ƙafar fasinja kake duka. Ba shi da kik."

"Babur ba kik? To da addu'a ake tayar da shi?"

Mai shago ya miƙa ɗan yatsa ya taɓa wani maɓalli. Babur ya yi wata irin kururuwa, Guguwa ya zabura zai miƙe, bayansa ya ce ƙas, ya tsaya a sunkuye. Haka aka zare shi daga kan babur a lanƙwashe kamar maratayin riga. Auta ta dafa kafaɗarsa, ta sa gwiwa a gadon bayansa ta ja, ya miƙe da wata ƙara da ta fi ta babur ɗin.

Zuwa lokacin masu kallo sun taru, har da na shagon fenti na maƙwabta. Guguwa ya ga in bai yi wani abu ba mutuncinsa zai zube a ƙasan da ba daidai ba. Sai ya buɗe jaka ya zaro doguwar sukundireba da gilashin ido ɗaya na duba cikin agogo.

"Ku matsa. Ku da ido kuke zaɓen babur, shi ya sa ake cutarku. Ni shekara talatin ina sauraren cikin ƙarfe. Inji da agogo uwarsu ɗaya. A kunna mini su duka."

Aka kunna. Ya maƙala gilashin a ido, ya ɗaga hular kwano gefe, ya dafa bakin sukundireba a jikin inji, ya manna kunne a ƙotar. Ya lumshe ido ɗayan.

"Wannan yana latti da minti uku a rana." Ya matsa gaba. "Wannan an taɓa buɗe shi, kuma ba gwani ne ya buɗe ba."

"Jiya aka fito da shi daga kwali, Yallaɓai."

"To a kwalin aka buɗe shi." Ya matsa. "Wannan yana tari. Wannan kuwa gaggawa gare shi, ba zai yi tsawon rai ba."

Haka ya bi layi yana kashe su ɗaya bayan ɗaya, har ya iso bakin ƙofa. Nan wani farin babur yake tsaye a kan tayoyinsa, jingine da ɗan jak na gefe, hancinsa yana kallon titi. Ba bututun hayaƙi, ba tankin mai, sai wata koriyar fitila tana haske a gabansa. Guguwa ya dafa sukundireba nan, ya dafa can, ya durƙusa ya saurara ta ƙasa. Ya miƙe a hankali, ya cire gilashin daga ido, ya dubi mai shago da fuskar ta'aziyya.

"Sai haƙuri. Wannan ya rasu."

"Na lantarki ne, Yallaɓai. A kunne yake. Ka ga koriyar fitila."

"Fitila! Agogo nawa aka kawo mini fuskarsu tana ƙyalli cikinsu gawa? Abin da ba ya tik, ba ya tak, ya mutu. Jama'a ku zo ku ga yadda ake sayar wa bayin Allah mushe."

Ya haye, ya shure jak. Ƙafafunsa biyu suka taka ƙasa daram, kujerar kuma ta karɓe shi kamar ta san shi, abin da ya yi masa daɗi amma bai nuna ba. Ya damƙe ƙarfen hannun hagu kamar yadda ake damƙe kuloci, ya murɗa totur har ƙarshe. Shiru.

"Kun ji wani abu?"

"Ba mu ji ba!" in ji masu fenti.

"Yallaɓai," in ji mai shago yana matsowa, "abin da ka riƙe da hagu ba kuloci ba ne, birki ne. Shi ya hana shi tafiya. Don Allah ka fara sakin hannun dama, kada ka…"

"Kai! Ni za ka koya wa hannun haguna?"

Ya ɗaga hannun hagun ya nuna mai shago da yatsa.

Abin da mutanen shagon suka shaida daga baya shi ne, akwai mutum a wurin, sai kuma babu. Takalmi ƙafa ɗaya ne kawai ya rage yana juyi a bakin ƙofa.

A nan dole a yi wa Guguwa adalci. Tsohon babur ɗinsa, wanda yake ƙarƙashin bene, yana da hali guda: ka saki totur ko na ƙiftawar ido, ya mutu, sai ka tura shi rabin gari. Shekara tara hannun damansa yana koyon kada ya saki, kuma duk abin da kansa ya manta, hannun bai manta ba. Saboda haka ya shiga babban titi totur a murɗe, ƙafar hagu tana haƙilon neman giya a inda babu giya, ƙafar dama marar takalmi tana taka birkin da ba a halitta ba.

Ya ce bari ya sa giya ta biyu ko abin zai natsu. Ya damƙi kulocinsa. Babur ya ƙame wuri ɗaya, ƙirjinsa ya daki madubi. "Ya mutu!" Ya saki. Babur ya yi tsalle ya cilla. Ya damƙa, ya ƙame. Ya saki, ya cilla. Haka ya bi titi kamar fara, masu mota suna kaucewa suna salati.

Babbar matsalar ita ce ba wanda yake jin tahowarsa. Masu tsallaka titi suna tafe suna hira, ga mutuwa fara fat tana zuwa ba ko tari. Bai san inda ham yake ba. Sai ya buɗe baki ya yi abin da ya dace.

"Buuuum! Bum bum buuuum! Hanya!"

Wani jami'in ba da hannu ya ɗaga hannu zai tsayar da shi, ya ga dattijo da rigar fata rabi a zuge yana kukan inji da bakinsa, sai ya sauke hannun ya juya baya, don akwai abin da ba ya cikin aikinsa.

Auta ta cim masa a kan nata babur, suka jera.

"Baba! Saki hannun dama!"

"Zai mutu!"

"Ba ya mutuwa!"

"Da ma a mace yake, da ƙyar na tashe shi!"

"Baba, shataletale!"

Ya shiga shataletale, ya zagaya sau huɗu don bai sami ƙofar fita ba, a na biyar abin ya tofar da shi, kuma cikin ikon Allah ta hanyar layinsu. Auta ta maƙale a bayan wata motar ruwa.

A layi kuwa an jera kujeru. Matarsa tana zaune a bakin get, an buɗe ƙyaurensa duka biyu. Tela ya manna wa gilashinsa salatif. Can gefe, gidan da ke kallon nasu, maƙwabta suna tashi, babbar motar kaya tana tsaye an jingina mata faifan katako ana loda kujeru da katifu. Kowa ya karkata kunne wajen shataletale.

"Ni fa ban ji komai ba," in ji Mai Aski.

Wani farin abu ya wuce fuu.

"Wa ya wuce?"

"Kamar mai agogo," in ji Tela. "Amma kukan saniya yake yi."

Layin nasu zagaye yake da na baya, saboda haka bayan minti ɗaya sai ga shi ya sake ɓullowa daga inda ya fara.

"Guguwa! Nan ne gidan!"

"Na sani! Zagayen gaisuwa nake!"

A zagaye na uku yara sun hau katanga suna ƙirgawa. Mai Aski ya fito da tawul yana kaɗa masa kamar a filin tsere.

"Ina ƙarar da ka ce a ɗaure taga?"

"Ta yi gaba! Na wuce ta!"

A na huɗu matarsa ta ɗaga murya ba ta tashi daga kujera ba. "In za ka sake zagayowa ka taho da burodi!"

Amma a bayan layi, inda ba kowa, Guguwa ya yi tunani irin na masu gyaran agogo. Duk lokacin da ya damƙi kulocin nan, abin yana tsayawa. Lalataccen kuloci ne, ba shakka, amma ko lalataccen abu gwani yana iya mora. Da ya ɓullo a karo na biyar sai ya karya kai wajen gidansa, ya damƙa da dukan ƙarfinsa. Taya ta yi ƙiii. Babur ya ƙame, tsakanin tayar gaba da bakin get bai fi taku ɗaya ba.

Tawul ya faɗi daga hannun Mai Aski. Matarsa ta ɗan gyara zama, don ita ma ba ta zaci haka ba. Taku ɗaya ya rage Guguwa ya rabu da bayan 'yarsa har abada.

Da wani ne, da ya lallaɓa ya shige. Amma mutumin da aka yi wa sannu a titi ba zai shiga gida shiru kamar ɓarawo ba. Hannun hagu a damƙe, na dama a murɗe, ya dubi jama'a ta ƙasan hular kwano.

"Ina masu dariya? Tela, ina bakinka? Ku tsaya ku ji ham ɗin nasara."

Babban yatsansa ya lalubo wani maɓalli ya danna. Babur ya fara tit, tit, tit, a hankali, daidai da daidai.

Fuskar Guguwa ta washe. "Kun ji? Kun ji ko! Ya fara bugawa! Gawa aka ba ni, na mayar da ita agogo!"

Ya saki hannun hagu ya sara wa jama'a.

Babur ya fara tafiya da baya.

Ba da gudu ba. A hankali, cikin natsuwa, yana tit, tit, get yana nisa, matarsa tana ƙanƙancewa. Tela da Mai Aski suka taso za su riƙe shi.

"Kar wanda ya taɓa ni!" ya daka tsawa. "Sharaɗi ne! Wanda ya taɓa ni ya cuce ni!"

Suka janye hannu, suka bi shi a ƙafa, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kamar masu rakiya.

"To ina za mu yanzu?" in ji Tela.

"Baya nake ja in ɗauko gudu."

"Ka danna abin da ka danna mana."

"Kar ka koya mini sana'ata."

"Guguwa, akwai katako a bayanka."

"Na gan shi."

Bai gan shi ba, madubin ya karye tun a babban titi. Tayar baya ta hau faifan katakon motar kaya, ta gaba ta bi ta, Guguwa ya yi sama a hankali yana kallon jama'a, har yanzu hannu ɗaya a goshi, ya shige cikin duhun motar. Aka ji luf, katifa ta karɓe shi, wata katifar ta faɗo ta rufe.

Daidai nan masu lodi biyu suka fito daga gidan da kayan ƙarshe, wata doguwar durowar tufafi da ta tare musu gaba. Ba su ga komai ba, ba su ji komai ba. Suka tura ta ciki, suka zare katako, suka rufe ƙofa, suka buga jikin mota. Tela ya buɗe baki zai yi magana, dariya ta kayar da shi a kan kwalta. Mai Aski yana durƙushe yana nuna motar da yatsa, numfashi ya ƙi fita. Mota ta tashi.

Sai ga Auta ta iso, mai shago a bayanta da ƙaramar motarsa ta ɗaukar kaya, takalmi ƙafa ɗaya a hannunsa.

"Mama, ina Baba?"

"Ya tashi da maƙwabta."

"Ba wanda ya tsayar da su?"

"Ya ce kar a taɓa shi."

Sai da aka yi awa guda kafin su dawo. Farin babur yana bayan motar mai shago, gefensa a goge, madubi ɗaya yana lilo. Guguwa yana bayan Auta, audugar katifa a gashin baki. Ba wanda ya koma gida, har an ƙaro kujeru.

Ya sauka ya gyara rigar fata. "Alƙali, a rubuta. Na shiga get. Ina kan babur. Ba turawa, ba wanda ya taɓa ni."

"Get ɗin wa?"

"Get get ne."

"Na sabon gidan maƙwabta, a cikin mota, a ƙarƙashin katifa. Gidan nan aka ce."

"Kun gani ko? Tun farko na ce an sayi alƙalin nan!"

Mai shago ya sauke babur ɗin, ya shafa gefen da ya goge, ya ce cikin ladabi wannan kam ya riga ya zaɓi gidansu, sai a biya. Auta ta gyaɗa kai. Matar Guguwa ta tashi daga kujera, ta zagaya babur ɗin sau ɗaya tana dubawa kamar mai sayen keken ɗinki. Ita ko keke rabonta da hawa tun tana makaranta.

"Malam, wannan na dama shi ne na tafiya?"

"Shi ne, Hajiya. A hankali ake murɗawa."

"Waɗannan biyun na tsayawa?"

"Su ne."

"Sai me?"

"Shi ke nan."

"Shi ke nan?" Ta juya ta dubi mijinta tun daga hula har ƙafar da ba takalmi. Ta miƙa hannu, ya ciro hular kwano ya ba ta don bai san me zai yi ba. Ta gyara mayafi, ta zauna, ta tafi a hankali har ƙarshen layi tana ɗan tangaɗi, ta juyo, ta dawo, ta shige get, ta tsaya a gindin igiyar shanya. Layi ya ɗauki tafi.

"Ni na sassauta mata shi," in ji Guguwa. Ba wanda ya ji, saboda tafin.

Ranar Litinin ƙarfe bakwai da rabi ya fito da jakar kayan aiki, fuska a murtuke, ya nufi bayan babur ɗin Auta. Ta dafa hannunsa.

"Baba, na yafe sharaɗin. Na san ba ka son a riƙa ganinka a bayan 'yarka. Daga yau ba za ka ƙara hawa bayana ba."

Kafin ya gama washe baki ta ja babur ɗinta ta fice. Ya ji wani abu ya taɓa masa ƙafa ta baya, ba ƙara, ba gargaɗi. Ya waiwaya. Matarsa ce a kan farin babur, jakar cefane a rataye a gaba. Ta buga kujerar baya da tafin hannu sau biyu.

Ya dubi titi. Tela ya buɗe. Mai Aski ya buɗe, har ya fito da benci. Ya dubi agogon hannunsa, wanda bai taɓa yi masa ƙarya ba, ya ga saura minti ashirin wani mai agogon bango ya zo shago karɓar kayansa. Ya hau.

"Ki bi ta bayan layi," ya raɗa mata.

"Ban koyi kwanar can ba tukuna."

"To ki wuce su da gudu."

"Mai shago ya ce a hankali ake murɗawa."

Ta fita daga get kamar mai tafiya a kan ƙwai, ta tsallaka titi, ta tsaya cak a gaban bencin. Ta gaida Tela, ta tambayi matarsa da ciwon ƙafarta. Ta gaida Mai Aski, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, su bakwai ne. Su biyun suna amsawa cikin ladabi, idanunsu na zubar da hawaye, ba wanda ya ce wa na baya uffan, abin da ya fi zagi ciwo.

Guguwa ya ga in ya danna ham ko sau ɗaya, aƙalla za a san da hannunsa a tafiyar. Ya zuro hannu ta gefen ƙugunta yana lalube. Ta make shi ba ta ko waiwayo ba.

"Hannunka a kan jaka, Guguwa. Yau gaba za mu."